Gaisuwar Babbar Sallah daga Landan

Assalamu alaikum Inna,

Barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kuɗin rago sun iso kan lokaci. Mu a nan ba a yanka a gida, sai dai mutum ya biya mahauci ya karɓi namansa a leda, ba kai ba ƙafa, balle a yi maganar babbaka.

Kun tambaye ni ko muna da filin Idi. Akwai, sai dai aro ne. Wani makeken filin shaƙatawa ne a kudancin Landan, tsakanin Peckham da Camberwell, ana ce masa Burgess Park. Nan muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa mai raɓa, mu da Yarbawa da Somalawa da mutanen Saliyo. Bayan an sallame yara suka bazu kamar an buɗe akurki. Ga Turawa masu kamun kifi a bakin tafki, ko ɗaga kai ba su yi ba.

Abin da ya ɗaure mini kai, Inna, wurin nan a da ba fili ba ne. Unguwa ce cike da gidaje da masana'antu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu bama-baman Jamus suka ragargaza sassanta. A 1943, tun ana cikin yaƙin, aka tsara cewa talakawan wannan yanki suna bukatar wurin shan iska. Sai hukuma ta riƙa sayen gidaje tana rushewa, layi bayan layi, shekara da shekaru. Ba kowa ya tashi da son ransa ba, wannan kam gaskiya ce. A 1973 aka raɗa masa sunan Jessie Burgess, mace ta farko da ta yi magajin garin Camberwell. Yanzu ya kai hekta 56.

Har yau akwai ragowar tsohuwar unguwar. A da akwai hanyar ruwa da aka haƙa, jirage suna ɗauko katako ta cikinta. An cike ta a farkon shekarun 1970, amma an bar gadar ƙarfen a tsaye, mutane da kekuna suna wucewa ta ƙarƙashinta, ba ko ɗigon ruwa. Ga kuma tsohon murhun gasa farar ƙasa na 1816, an yi shi da bulo.

Yawancinmu a bene muke, ɗaki biyu ko uku, ba tsakar gida ba zaure. To a filin nan ake haɗuwa. A nan na ji labarin aikin da nake yi yanzu, a nan matata ta samu mai kitso.

Shi ya sa raina ya ɓaci da na ji ana son yanka filin ƙwallon bayan makarantarmu ta gida a yi shaguna. Don Allah ku ce wa Yaya ya je wurin mai unguwa tun ba a kafa bulo ba.

A gaida Baba da Gwaggo da yara duka. A ajiye mini soyayyen nama a cikin mai, in Allah ya yarda ina tafe da sanyi.

Ɗanku