Ƙaddara ce ko sakaci? A duba halin mai magana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun bayan annobar gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, muhawara ɗaya ta ƙi ƙarewa a majalisunmu na Gusau. Wasu na cewa kwana ne ya ƙare, babu mai tsallake abin da aka rubuta. Wasu kuma, yawanci 'yan boko, na cewa ga dalili a fili: ana niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a tsakar gida, ƙurar na sauka a kwanon tuwo da hannun mai rarrafe.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ɓangare na biyu ke kiran na farko jahilai. Mai albashi, wanda asibiti ke bayan gidansa, bai sha wahalar yarda cewa mutum na iya sauya makomarsa ba, domin kullum yana ganin dabararsa na aiki. Uwar da ta binne 'ya'ya biyu a ƙauyen Bagega na Anka fa? Gona ba ta ciyar da gidan, zinariyar ce abinci. In ka raba ta da "haka Allah ya so", me ka ba ta ta riƙe?

Ni ina tare da masu bin sababi, kuma addini bai hana ba, tunda an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Amma lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka kawo magani, iyayen nan da ake zagi su suka goyo yaransu zuwa asibiti. Ya kamata gwamnatin jihar Zamfara ta kai irin wannan aikin ƙauyukan da ake haƙa yanzu.

Naka,
Wani malamin makaranta, Gusau