Ba Duk Batirin Litiyam Ne Ɗaya Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ni mai haɗa sola ne a Kano. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 jama'a suke jingine janareta suna komawa sola, kuma kusan duk wanda ya zo wurina maganarsa ɗaya ce, litiyam yake so. In na tambaye shi wane iri, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa faɗa masa akwai iri-iri.

Biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai NMC, mai haɗin nikel da manganis da kobalt, akwai kuma LFP, wanda ƙarfe da fosfet ne a cikinsa. NMC ya fi riƙe wuta mai yawa a ƙaramin jiki mara nauyi, shi ya sa masu ƙera motocin lantarki na doguwar tafiya suke sonsa. Amma kobalt na da tsada, kusan kashi 70 cikin 100 nasa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ake haƙo shi, kuma batirin ba ya son zafi. In ƙwaya ɗaya daga cikin ƙananan batiran da aka harhaɗa a cikinsa ta kama da wuta takan kunna na kusa da ita, kashewar kuma sai an sha wuya.

LFP ya fi nauyi, wannan gaskiya ne. To amma batirin da za a jingina a bango ya shekara goma bai motsa ba, ina ruwansa da nauyi? LFP mai kyau yakan jure caji da saukewa sau 3,000 zuwa 6,000, alhali NMC yawanci tsakanin 1,000 da 2,000 yake fara gajiya. Babban raunin LFP sanyin ƙanƙara ne, mu kuwa abin da ke damunmu shi ne watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, batiri yana ajiye a ɗaki mai rufin kwano. Ko kamfanin motocin lantarki na Tesla a 2021 ya sanar da mayar da motocinsa na matsakaicin zango kan LFP, kamfanin BYD na ƙasar Sin kuwa tun 2020 ya fito da batirinsa na Blade a kan wannan haɗin. Don haka a ganina, na gida da shago da asibiti LFP ne, babu ja. Ko adaidaita sahu mai lantarki da ake caji kullum shi zan zaɓar masa. Babur ne kaɗai nake yi wa uzurin amfani da NMC saboda nauyi, shi ma kada a yi cajinsa a ɗakin da yara suke kwana.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na bogi. Kwanakin baya wata baiwar Allah mai sayar da ƙanƙara ta kira ni, batirinta ya fara wari. An rubuta LiFePO4, wato LFP, ɓaro-ɓaro a jikin akwatin. Da na kwance, sai ga ƙananan ƙwayoyi irin na tsohuwar kwamfutar cinya, wasu shuɗi wasu ruwan hoda, an ɗaure su da salatif, biyu sun yi tsatsa a baki, babu ma allon da ke yanke caji in ya cika. Kuɗin adashenta ne ta zuba a ciki.

Mai saye zai iya kare kansa da abu biyu. Ƙwayar LFP bolt 3.2 ce, don haka a jikin batirin za ka ga 12.8 ko 25.6 ko 51.2. Ta NMC 3.6 ko 3.7 ce, sai ka ga irin 11.1 ko 14.8. Rubutu ana iya yin ƙaryarsa, amma nauyi da wuya. Batirin LFP mai bolt 51.2 da amfiya 100 yakan kai kilo 40 zuwa 50. In ka ga yaron shago ya ɗauko shi da hannu ɗaya, riƙe kuɗinka.

Ina kira ga Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta wajabta wa masu shigo da batiri su rubuta haɗinsa da ranar ƙera shi, a kuma riƙa buɗe wasu ana gwadawa a kasuwanni. Litiyam ɗin nan ana haƙo shi a Jihar Nasarawa ma, har an buɗe masana'antar tace shi a 2024, bai kamata mu zama masu sayen ragowar da wasu suka zubar ba. 'Yan uwana masu haɗa sola kuma, mu riƙa rubuta wa mai gida irin batirin a rasit, mu sa hannu.

Naka,
Mai haɗa sola,
daga Kano.