Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Magajin Gari

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a ne saboda damuwar ba tawa ba ce ni kaɗai. Garinmu yana gefen babban birni. Yawancinmu nan muke kwana, can muke neman na sakawa a bakin salati, don haka motar bas ce ke kai mutum ga albashinsa.

Ka zo tasha da asuba ka gane wa idonka. Ga ma'aikaciyar jinya da za ta karɓi aiki ƙarfe bakwai, ga dattijo riƙe da katin asibiti, duk a tsaye, babu rumfa, babu benci, kowa na leƙen hanya. Mota ta zo maƙil ta wuce, a sake sabon jira. Wanda ya makara kuwa, ba a tambayarsa laifin wa kafin a yanke masa albashi.

Don Allah kada a fara da sayo sababbin motoci saboda bikin ƙaddamarwa. Abin da ya fi cin mana tuwo a ƙwarya shi ne tazarar da ke tsakanin mota da mota. In duk minti 15 akwai wata, mutum zai fito hankalinsa kwance. In sai bayan awa guda, duk mai hali zai nemi abin hawansa, titi ya cushe, fasinjoji su ragu, kuɗin shiga ya faɗi, sannan a ce ai ba a shiga, a ƙara rage motocin. Talaka shi ke kwana a ciki. A 2015 birnin Houston na Amurka ya sake zana hanyoyin bas ɗinsa kusan da kasafin da yake da shi. An miƙe hanyoyi masu yawan kewaye-kewaye, an yawaita motoci a manyan tituna har Asabar da Lahadi, fasinjoji suka ƙaru, musamman a ƙarshen mako. Mu kuwa hanyoyinmu duk cikin birni suka nufa. Mai zuwa unguwar da ke maƙwabtaka da tasa sai ya shiga birni ya sake fitowa.

A duba kuma abin da ke tsakanin ƙofar gida da tasha: fitilun da suka mutu, magudanar da ta toshe, titin da babu wurin tsallakawa. Mace mai dawowa aikin dare ta san amfanin fitila fiye da kowa.

Sai maganar amana. Muna so duk wata a wallafa yawan motocin da suka fito kan lokaci, da waɗanda aka soke, da kuɗin da aka biya ɗan kwangila. Duk wanda ya kai ƙorafi a ba shi lamba da ranar da za a amsa masa. Zaman majalisar gari da ake yi da hantsi, lokacin da muke wurin aiki, a mayar da wasunsa yamma. Tun 1989 birnin Porto Alegre na Barazil ya fara zaunar da mazauna unguwanni su zaɓi ayyukan da za a fara yi da wani ɓangare na kasafi, kuma ba mu ga abin da zai hana a gwada nan ba.

Kafin a amince da kasafi mai zuwa, muna roƙon ka kira taron jama'a da yamma, ka zo da taswirar hanyoyi da alƙaluman kuɗi, ka saurare mu.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mazaunin gari mai hawan bas