A Tallafa wa Binciken Haidirojel Domin Masu Ƙuna da Ciwon Gwiwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in jawo hankalin hukumomi kan wani sinadari da ake kira haidirojel. A ido kamar kafaffen koko yake, domin mafi yawansa ruwa ne da wasu zaruruwa masu saƙe da juna suka riƙe. Tun 1960 masana kimiyya Otto Wichterle da Drahoslav Lím suka bayyana irinsa, kuma da shi aka fara yin gilashin ido mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido.

Sabon abu shi ne nau'in da yake ɗinke kansa: idan aka yanka shi aka haɗa bakin, zaruruwan sai su sake kama juna. A 2025 masana daga Jami'ar Aalto ta Finlan da Jami'ar Bayreuth ta Jamus sun haɗa wani mai ƙarfi da siraran ɓawon yumɓu a cikinsa, wanda yake komawa daidai cikin awa 24.

Duk wanda ya ga dattijo yana sallah a kan kujera saboda gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa zai gane muhimmancin wannan. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, shi ya sa idan ya cinye da wuya ya farfaɗo, kuma dashen gwiwar ƙarfe ya fi ƙarfin talaka. Sai dai maye gurbin guringuntsin gwiwa da haidirojel mai ɗinke kansa yana matakin gwaji tukuna, kada wani ya yaudari majinyata da sunansa.

A ganina da ƙuna ya kamata mu fara. Fashewar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024 ta nuna mana yawan masu buƙata. Bandeji yakan manne wa gyambo, a ɓamɓare shi majinyaci yana kuka, alhali haidirojel yana sanyaya wurin, ya riƙe danshi, ya fita ba tare da ya ɗaye sabuwar fata ba.

Muna da ƙaro a Yobe da Borno, muna da sitacin rogo, kuma dukansu ana sarrafa su a irin wannan aiki. Ina kira ga hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta ware kuɗi domin Jami'ar Jos da asibitin koyarwarta su haɗa hannu da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, sannan NAFDAC ta tantance abin da suka samar kafin ya isa gadon majinyaci.

Naka,
Mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos