Kada a Wuce Gona da Iri Wajen Niƙan Dutsen Ziyolait

Edita, assalamu alaikum.

Tun bala'in gubar dalma na 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum, tace ruwa ya zame mana dole. Dutsen ziyolait, wani ma'adini da ake zubawa a matatar ruwa, yana kama dalma, amma wajen niƙa ake ɓata shi. Cikinsa ƙananan ramuka ne kamar saƙar zuma. In an ɓarza shi kamar tsakin masara, milimita 1 zuwa 2, ruwa na ratsawa sarai. Amma in inji ya daɗe yana murza shi har ya koma kamar toka, ramukan sun rushe, ƙarfin kamawar ya ragu, garin kuma ya toshe matatar.

A jiƙa shi kafin niƙa saboda ƙura, a tankaɗe, a wanke. Don Allah kada a zuba shi a injin niƙan hatsi.

Wassalam,
Masu nazarin ma'adinai, Gusau