Wasiƙa daga Istanbul

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da Inna da ƙannena. Ni ma lafiya lau, karatu na tafiya, sanyi ne kawai ya fara shigowa.

Baba, akwai wata hasumiya a harabar jami'armu da nake wucewa kullum, ana ce mata Beyazit. A makon jiya aka ba mu damar hawa, kuma tun ina kan matakala ku nake tunani. Tsawonta mita 85, ta kere hasumiyar Gobarau ta Katsinarmu nesa ba kusa ba. Sarki Mahmud na Biyu ne ya gina ta da dutse a 1828, don ta farko ta katako da aka kafa a 1749 wuta ce ta cinye ta. A da aikinta guda ɗaya ne, gadin gobara.

Matakalar katako ce mai murɗawa, matsattsiya. A sama ɗaki ne da tagogi ta ko'ina, ana hango rufin babbar kasuwa, da masallacin Sulaimaniyya, da teku har tsallaken Asiya. A da gidajen garin nan na katako ne, manne da juna, wuta ɗaya sai ta lashe unguwanni. Shi ya sa masu gadi ke kwana a nan suna zuba ido. Da sun ga hayaƙi da rana sai su rataya kwanduna, da dare kuma fitilu, masu gudu su bazama lungu-lungu suna shelar inda ta tashi, 'yan kwana-kwana su saɓo famfonsu a kafaɗa. Yanzu fitilunta yanayin gobe suke nunawa, kore ruwan sama, ja dusar ƙanƙara.

Na daɗe a bakin taga ina tuna safiyar 2021 da kasuwarmu ta kama, yadda kuka dawo riga duk toka, kuka zauna a zaure ba ku ce uffan ba. Wallahi har yau abin na ci mini rai. Don Allah Baba, ku tada maganar masu gadin dare a taron 'yan layinku, a kuma sa a duba wayoyin shago kafin hunturu ya kankama. Kuɗin mai gyara ni zan turo ƙarshen wata, in sha Allah.

A gaishe da Inna, a ce mata ina cin abinci sosai. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku.