Aiptasia A Tankin Kifi: A Daina Kankare Ta

Assalamu alaikum Malam Edita. Dan Allah a ba ni fili in ja hankalin masu kiwon murjani mai rai, wato halittar nan ta teku, a tankin gilashi na ruwan gishiri kan Aiptasia, wannan halittar mai kama da fure da ke harbin murjani har ya mutu. Wallahi kankare ta ɓata lokaci ne, ko ɗan guntu ya saura sabuwa zai zama, kafin ka ankara ta cika duwatsun. Gara a saka mata masu cinta, wasu daga cikin jatan lande irin Lysmata na cinye ƙananan amma manya sai a hankali. Ni dai Berghia na fi yarda da shi, wani ɗan dodon koɗi ne mara ƙoƙo, Aiptasia kaɗai yake ci, shi ya sa in ta ƙare a miƙa shi ga wani mai matsalar, kar yunwa ta kashe shi.

Naku, mai karatu daga Kaduna.